Yadda Iyaye Za Su Yi Wasan Motsa Jiki da Jariri Daga Haihuwa Zuwa Tatata

Jariri yana zuwa duniya da kai mai nauyi, wanda ya kai kusan kashi ɗaya cikin huɗu na tsawon jikinsa duka, da kuma wuyan da bai iya ɗaukar wannan nauyi ba tukuna. Cikin shekara ɗaya da 'yan watanni, wannan jinjirin zai tsayar da wuyansa, ya mirgina, ya zauna, ya miƙe, ya taka. Ƙarfin jikinsa yana bin hanya sananniya, domin yana farawa daga kai ya gangara zuwa ƙafa, yana kuma farawa daga tsakiyar jiki ya fita zuwa hannaye da yatsu. Shi ya sa wuya ke riga baya yin ƙwari, baya ya riga ƙugu, kafaɗa kuma ta riga yatsu ƙwarewa. Wasan da ya bi wannan jeri yana amfanar jariri, wanda kuma ya tsallake mataki yawanci gajiya kawai yake jawo masa.

Abin da jariri ke buƙata domin wannan aiki bai da yawa: fili a ƙasa, lokaci isasshe, da babban mutum wanda zai sauko kusa da shi. A shekarar 2019 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da ƙa'idoji kan motsa jiki da barcin yara 'yan ƙasa da shekara 5. Game da jaririn da bai cika shekara ba, ta ce ya riƙa motsa jiki sau da yawa a yini, musamman ta hanyar wasa a ƙasa tare da mai kula da shi, kuma wanda bai fara rarrafe ba ya samu aƙalla minti 30 na kwanciyar rubda ciki, a rarrabe cikin yini, yana farke. Ta ƙara da cewa kada a bar shi ɗaure a wuri ɗaya fiye da awa guda a jere, ko a keken turawa, ko a kujerar jarirai, ko a goye a baya, sannan ba ta yarda a zaunar da shi gaban talabijin ko waya ba. Bayanin da ke tafe hanya ce ta aiwatar da waɗannan ƙa'idoji a cikin gida.

Shimfiɗa da lokaci

A nemi wuri mai faɗi a ƙasa, a share shi tsaf, a shimfiɗa bargo ko wani abu mai ɗan kauri wanda ba ya zamewa kuma ba ya lotsawa. Katifa mai laushi ba ta dace ba, saboda jariri yana buƙatar abu mai tauri da zai tokara ya ɗaga jikinsa, sannan fuskarsa na iya nutsewa a cikin laushin. Gado da kujera kuwa haɗarinsu faɗowa ce, domin ranar da jariri zai fara mirginawa ba ta sallama. A rage masa tufafi gwargwadon yadda yanayi ya bari, a cire safa, a bar tafin ƙafarsa ya taɓa shimfiɗa. Lokacin da ya fi dacewa shi ne bayan ya farka daga barci ko bayan an canza masa nafkin. Idan bai daɗe da shan nono ba, a dakata ya yi gyatsa, cikinsa ya ɗan sauka, don kada a jawo masa tumbiɗi.

Kwanciyar rubda ciki

A nan ya kamata a fi ba da ƙarfi a watannin farko, kuma akwai dalilin da ya sa likitoci ke yawan nanata shi. A 1992 Ƙungiyar Likitocin Yara ta Amurka ta ba da shawarar a daina kifa jarirai idan za su yi barci, a 1994 kuma aka ƙaddamar da gangamin wayar da kai a kan haka a ƙasar. Cikin shekara goma, mutuwar farat ɗaya da jarirai ke yi a cikin barci ta ragu da kusan rabi. Sai dai an lura cewa jariran da ke wuni a rigingine, su kuma kwana a rigingine, suna samun shafewar ƙeya, wasunsu kuma suna jinkirin ɗaga kai da mirginawa. Maganin da aka tsayar mai sauƙi ne: barci a rigingine ko da yaushe, wasa kuma a rubda ciki, jariri yana farke, babba yana kallonsa. Idan barci ya ɗauke shi yana kife, a juya shi nan take.

Ana iya farawa tun kwanakin farko, kuma ƙirjin uwa ko na uba shi ne shimfiɗar farko. A kishingiɗa, a ɗora jariri a kan ƙirji cikinsa yana ƙasa, a dafa bayansa da hannu, a yi masa magana. Idon sabon jariri ya fi gani sosai a tazarar santimita 20 zuwa 30, wato kusan nisan da ke tsakanin fuskarsa da ta mai riƙe da shi, don haka zai yi ta ƙoƙarin ɗago kai ya dubi fuskar da muryar ke fitowa daga gare ta. Wannan ɗan yunƙurin shi ne atisayen wuyansa na farko. Dole ne babban ya kasance a farke sarai, domin gyangyaɗi da jariri a ƙirji, musamman a kan kujera mai laushi, haɗari ne babba. Wata hanyar ita ce a kwantar da shi a kan cinya ana shafa bayansa, ko a ɗauke shi a kife a kan hannu, kansa yana wajen gwiwar hannu, tafin hannu yana tallafe da tsakanin ƙafafunsa.

Idan aka koma ƙasa, a fara da minti biyu ko uku, sau biyu ko uku a yini, a riƙa ƙarawa sannu a hankali har jimillar ta kai minti 30 ko ta wuce. A jawo hannayensa gaba yadda gwiwoyin hannun za su kasance ƙarƙashin kafaɗa, saboda hannun da ya maƙale a ƙarƙashin ciki ba ya taimaka masa da komai. Yawancin jarirai suna ƙin wannan kwanciya da farko, kuma a nan ne iyaye da yawa ke sarewa su daina. Ƙorafin nasa yana da hujja, aiki ne mai wuya ga mai kai irin nasa. Abin da ke sauƙaƙa masa shi ne a naɗe ƙaramin tawul a sa a ƙarƙashin ƙirjinsa daidai hammata, a dafa ɗuwawunsa a hankali domin nauyi ya koma baya, sannan babban ya kwanta a gabansa fuska da fuska, yana yi masa waƙa ko yana nuna masa madubin da ba ya fashewa. Ɗan gurnani da nishi ba laifi ba ne, alamar aiki ce. Kuka na sosai kuwa yana nufin a ɗauke shi, a sake gwadawa an jima. Minti ɗaya sau goma ya fi minti goma na kuka a zama ɗaya.

Sakamakon yana bayyana a jere. Wajen wata 2 zai riƙa ɗago kai na ɗan lokaci, wajen wata 4 zai tokara da gwiwoyin hannu ƙirjinsa ya bar ƙasa, wajen wata 6 kuma zai miƙar da hannayen duka, ya fara juyawa a kan cikinsa yana bin abin wasa. Da zarar ya kai nan, a riƙa ajiye abubuwan wasansa a gefe da gefe maimakon a gabansa kawai, domin ya koyi jingina nauyinsa a kan hannu ɗaya ya miƙa ɗayan, wanda shi ne tushen rarrafe.

Wasannin rigingine da mirginawa

Kwanciya a baya ma tana da nata aikin. A riƙe abu mai launi a saman ƙirjinsa, a motsa shi a hankali daga dama zuwa hagu, ya bi shi da ido, daga baya ya bi shi da kai. Wajen wata 3 zuwa 4 zai fara haɗa hannayensa a tsakiya yana kai wa abin duka, sannan ya fara kamawa. A nan haƙuri ake so daga babba: kada a danƙa masa abin a hannu da zarar ya miƙa, a bar shi ya kuskure sau biyu ko uku, domin a cikin kuskuren ne ido da hannu ke daidaita da juna. Ana iya kama ƙafafunsa a riƙa naɗewa da miƙewa a hankali kamar mai tuƙa keke, ko a sa tafin hannu a ƙarƙashin ƙafafunsa ya riƙa turawa. A kuma riƙa sauya ɓangaren da ake shayar da shi da ɓangaren da kansa ke fuskanta a wurin kwanciya, domin jariri yana juyawa ne wajen haske da motsin mutane, kuma wanda ke kallon gefe ɗaya kullum ƙeyarsa na iya shafewa ta wannan gefen.

Mirginawa takan zo tsakanin wata 4 zuwa 6. Don taimaka masa, a kwantar da shi a gefe da abin wasa a gabansa, ko kuma yana rigingine a lanƙwasa ƙafa ɗaya a haye da ita kan ɗayar, a tsaya a nan, a jira shi ya ƙarasa juyawar da kafaɗarsa da kansa. A yi ta ɓangarorin biyu. Daga ranar da ya nuna alamar mirginawa, a daina naɗe shi da zane har hannaye idan zai yi barci, kada kuma a bar shi a kan wani abu mai tudu ko da na ƙiftawar ido.

Akwai wani abu da ke ruɗar iyaye a makonnin farko. Idan aka tsayar da sabon jariri tafin ƙafarsa ya taɓa ƙasa, sai ya riƙa ɗaga ƙafa kamar mai tafiya, bayan kamar wata 2 kuma abin ya ɓace. A shekarun 1980 wata mai bincike a Amurka, Esther Thelen, ta nuna cewa idan aka tsoma ƙafafun irin waɗannan jarirai a ruwa takun yana ƙaruwa, idan kuma aka ɗaura musu ɗan nauyi yana raguwa, abin da ke nuna cewa ƙibar cinya ce ta riga ƙarfin tsoka girma. Don haka takun makonnin farko ba alamar tafiya da wuri ba ce, ɓacewarsa kuma ba koma baya ba ne.

Zama

Wata likitar yara 'yar ƙasar Hangari, Emmi Pikler, wadda ta kafa gidan renon jarirai a birnin Budapest a 1946, ta tsaya a kan cewa kada a sa jariri a wani yanayin zama ko tsayuwa da shi da kansa bai iya kaiwa gare shi ba. Ba kowane masani ne ya bi ta har ƙarshe ba, kuma ni ma ban ga laifin zaunar da jariri a kan cinya ana tallafe da shi ba, tunda hakan yana ba shi damar kallon mutane da gwada daidaita kansa. Amma tana da gaskiya a wuri ɗaya: jaririn da aka kewaye da matasai aka bar shi a zaune na tsawon lokaci, alhali bayansa bai yi ƙwari ba, ba ya koyon komai sai lanƙwashewa, kuma an ɗauke masa lokacin da zai yi amfani da shi a ƙasa.

Hanyar da ta fi ita ce a zauna a ƙasa a buɗe ƙafafu, a zaunar da shi a tsakiya, a riƙe shi a haƙarƙari. Yayin da yake ƙara ƙarfi, sai a riƙa saukar da hannun zuwa ƙugu, daga nan zuwa cinya, har a sake shi. Da farko zai dafa ƙasa da hannu biyu a gabansa, daga baya ya saki hannu ɗaya, sannan duka biyun. A riƙa ɗan karkata shi zuwa gefe a hankali domin ya koyi fitar da hannu ya tare faɗuwa, domin wannan dabara ita ce ke kare kansa daga buguwa idan ya fara zama shi kaɗai.

Rarrafe

Ana cewa da rarrafe yaro kan tashi, kuma ga mafi yawan yara haka abin yake. A wani bincike da Hukumar Lafiya ta Duniya ta wallafa a 2006, wanda ya bi yara 816 a Gana, Indiya, Norwe, Oman da Amurka, an samu kashi 4.3 cikin ɗari waɗanda ba su taɓa rarrafe da hannu da gwiwa ba. Wasu yaran jan ciki suke yi, wasu jan gindi, wasu kuma daga zama sai tsayuwa. Duk da haka rarrafe yana ƙarfafa kafaɗa da tafin hannu, yana kuma koya wa ɓangarorin jiki biyu aiki tare, don haka ya cancanci a ba shi dama. A ajiye abin da yake so a ɗan nesa da inda hannunsa ke kaiwa, nisan da zai sa ya yi ƙoƙari ba tare da ya fid da rai ba. Idan ya durƙusa yana lilo gaba da baya, a sa hannu a bayan tafin ƙafarsa ya samu abin tokarawa. Kada a damu idan ya fara da tafiya da baya, hannayensa ne suka riga ƙafafunsa ƙarfi. Idan ya ƙware, a jera masa matasai ko ƙafafun babba ya riƙa hayewa, a buɗe babban kwali ta ɓangarori biyu ya riƙa ratsawa, iyaye kuma su durƙusa su yi tsere da shi.

Wannan ne lokacin da ya kamata babba ya durƙusa ya zagaya ɗakin da idon jariri. Wajen wata 9 zuwa 10 yaro yana fara tsintar ƙananan abubuwa da babban yatsa da manuni, kuma duk abin da ya tsinta baki yake kaiwa. A kawar da maɓalli, tsabar kuɗi, ƙwayoyin magani da ƙananan batura masu kama da maɓalli, waɗanda ke iya ƙona maƙogwaro cikin 'yan awanni idan aka haɗiye su. A rufe kafofin lantarki, a tare matakala, a kafe duk wani kabad da zai iya rinjayowa idan an ja shi, kada kuma a bar ruwa a bokiti ko baho, domin ruwa kaɗan ya isa ya halaka yaro.

Tsayuwa da tatata

Yaro yana miƙewa ne ta hanyar kama wani abu ya ja jikinsa sama. A samar masa abu mai ƙarfi wanda tsayinsa ya kai ƙirjinsa, a ɗora abin wasa a kai. Miƙewa takan riga saukowa zuwa, shi ya sa za a ga yaro a tsaye yana kuka ya rasa yadda zai zauna. A koya masa ta hanyar ajiye abin wasan a ƙasa kusa da ƙafarsa, a lanƙwasa masa gwiwa a hankali. Bayan haka sai tafiya gefe-gefe yana dafa kujera ko bango, kuma ana iya ɗan raba kujeru biyu domin ya yi ƙarfin halin sakin ɗaya ya kama ɗayar. Idan za a riƙe shi ya taka, a riƙe shi a ƙugu ko a bar hannayensa ƙasa da kafaɗarsa, domin ɗaga masa hannaye sama da kai yana sa shi ya rataya a jikin babba maimakon ya nemi daidaiton kansa.

Keken koyon tafiya, wanda ake zaunar da yaro a ciki ƙafafunsa suna jan ƙasa, sunansa ya fi aikinsa. Ba ya gaggauta tafiya, yana sa yaro ya saba da turawa da yatsun ƙafa, yana kuma kai shi da gudu ga matakala, wuta da ruwan zafi kafin babba ya ankara. Saboda yawan raunukan da yake jawowa, Kanada ta haramta sayar da shi a 2004. Abin turawa mai nauyi, wanda yaro ke tsaye a bayansa da ƙafafunsa, ya fi shi amfani nesa ba kusa ba. Takalmi ma ba ya koyar da tafiya. A cikin gida a bar shi ba takalmi, yatsunsa su riƙa kama ƙasa, a ajiye takalmi mai laushin ƙasa domin waje.

Faɗuwa kuwa ba makawa. Wata mai bincike mai suna Karen Adolph ta Jami'ar New York da abokan aikinta sun wallafa a 2012 cewa yara 'yan wata 12 zuwa 19, idan aka bar su suna wasa, suna yin taku 2,368 a matsakaici cikin awa ɗaya, suna kuma faɗuwa sau 17. Mafi yawan faɗuwar ba ta da illa, kuma yaro yakan dubi fuskar babba kafin ya yanke shawarar yin kuka, don haka a rage salati da zabura idan dai wurin ba haɗari. Daga shekara 1 zuwa 2, ƙa'idar Hukumar Lafiya ta Duniya ita ce aƙalla minti 180 na motsa jiki iri-iri a yini, wanda yaron da aka sakar wa fili yake cikawa da kansa.

Wasanni biyu ne ya kamata a guje musu a kowane mataki. Na farko shi ne ɗaga yaro ko lilo da shi ta hanyar riƙe hannayensa, saboda ƙashin gwiwar hannun ƙaramin yaro yana gocewa cikin sauƙi, don haka a ɗauke shi ta hammata. Na biyu shi ne jijjiga jariri da ƙarfi ko cilla shi sama, musamman kafin wuyansa ya tsaya, domin girgiza mai ƙarfi tana iya jawo zubar jini a ƙwaƙwalwa.

Lokacin da za a ga likita

Binciken 2006 da aka ambata ya nuna faɗin tazarar da ke tsakanin yara masu lafiya. Zama ba tallafi yana zuwa daga kusan wata 4 zuwa wata 9, rarrafe daga wata 5 zuwa 13 da rabi, tsayuwa ba dafawa daga wata 7 zuwa kusan 17, tafiya kuma daga wata 8 zuwa kusan 18. Yaron da ya taka a wata 10 da wanda ya taka a wata 16 duk suna cikin iyaka. Ga bakwaini, ana cire makonnin da ya rage bai cika ba daga shekarunsa har ya kai shekara 2, wato wanda aka haifa saura wata 2, idan ya cika wata 6 a auna shi da ma'aunin ɗan wata 4.

Akwai dai alamomin da ba a jira da su. A kai jariri asibiti idan ya kai wata 4 wuyansa bai tsaya ba, ko ya kai wata 9 bai zauna ba, ko ya kai wata 18 bai taka ba. Haka nan idan jikinsa ya cika sanƙarewa ko ya cika saki, idan kansa yana karkace gefe ɗaya kullum, idan yana amfani da hannu ɗaya kawai kafin ya cika shekara yana barin ɗayan a dunƙule, idan yana jan ɓangare ɗaya na jikinsa wajen rarrafe, ko ƙafa ɗaya ta fi ɗayar tsawo. Wadda ta fi duka gaggawa ita ce yaro ya daina abin da ya riga ya iya, kamar wanda yake zama ya koma ba ya iyawa. Kafin a tafi, yana da kyau a ɗauki ɗan gajeren bidiyo na yadda yake motsi a gida a nuna wa likita, domin yara da yawa sukan ƙi yin komai a gaban baƙo.